Giyar Malam da Ƙwayar Hatsi

A gidanmu na Gaya keke biyu ne, nawa na ɗinki da na Malam na hawa. Nawa ya girmi 'yarmu ta fari, kuma bai taɓa hana kowa cin abinci ba. Nasa kuwa ko wata uku bai yi a gidan ba sai da ya kusa haɗa ni da dangin miji.

Malam shi ne maigidana. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyarwa a firamare, ya riƙe hedimasta har ya yi ritaya, kuma har gobe Hedimasta ake ce masa a gari. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko labarai ake karantawa a rediyo, sai ya gyara wa mai karatun Hausarsa, kamar mutumin yana jin sa. Ni kuwa tun farkon aurenmu Tela yake ce min, ni ma ban taɓa kama sunansa ba, to ba yau zan fara ba.

Shekara guda da ritayarsa hawan jini ya buge shi wata safiya yana alwala. Allah ya taƙaita, bai daɗe a asibiti ba, amma ya dawo gida da ƙafar hagu mai nauyi da hannun hagu mai rawa. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ajiye rediyo a gefe, ya zauna. Yaran duk sun yi aure sun watse, daga ni sai shi sai kaji. Ina ɗinki a rumfa ina satar kallonsa. Wata rana mai labarai ya yi wani kuskure da ko ni na ji shi, na dakatar da keke ina jiran gyara, Malam bai ce uffan ba. Ranar na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Bai yarda a taimake shi da komai ba. Sai ya yi minti goma yana kokawa da maɓallin riga, idan na matso ya juya min baya. Da na ga haka sai na bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya na ƙara wa gidajen maɓallin faɗi, ban faɗa masa ba, shi ma bai nuna ya gane ba.

Likita ya ce motsa jiki ne maganin, ya fara da tafiya a ƙasa, in ƙafa ta yi ƙwari ya gwada keke. Tafiyar ya yi ta kamar mai shan maɗaci, daga gida zuwa masallaci, daga baya har bakin kasuwa. Ni na ɗauka maganar keke ta bi iska. Sai ga shi wata rana ya dawo daga ganin likita a Kano da keke a saman mota.

Ban taɓa ganin irinsa kusa da kusa ba. Tayoyin sirara kamar yatsa, kan keken ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, babu kariyar ɗora kaya, babu madigadin tare laka, babu ko ƙararrawa. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Na tambayi Malam ina za a ɗora buhu, ya ce ba jaki ya sayo ba, keken tsere ne. Gwanjo ne, a hannun wani mutumin Nijar daga wajen Maraɗi ya same shi. Rabon da in ga fuskarsa ta washe haka har na manta, don haka na haɗiye sauran tambayoyina.

Tare da keken akwai wata 'yar leda da wani ƙarfe a ciki, bai fi tafin hannu ba. Malam ya ce sunansa giyar gaba, an cire shi ne lokacin loda kaya, kuma mai keken ya ce mayar da shi ba wuya. Ya zaunar da ni ya yi min darasi. A wajen feda akwai faranti biyu masu haƙora, babba da ƙarami, a kansu sarƙa take hawa. Idan tana kan ƙarami, tuƙi ba nauyi amma ba sauri. Idan tana kan babba, akwai gudu amma sai ƙafa ta yi aiki. Shi wannan ƙarfen yana da leɓe biyu da sarƙar ke bi ta tsakaninsu, a ɗaure shi a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, a haɗa shi da waya zuwa hannu. Mutum yana tafe, ya taɓa hannun, leɓen ya ture sarƙar daga wannan faranti zuwa wancan. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma kan ɗinkina.

Ledar ta yi makonni a rataye a ƙusa. Malam ya bar sarƙar a kan ƙaramin faranti, ya fara zagaya filin makarantarsu ta da, daga baya ya hau titi. Ƙafa ta fara sakewa, abinci ya fara shiga. Matsalar ita ce a kan ƙaramin faranti ƙafa tana ta gudu, keke yana tafiyar hawainiya. Abokansa na majalisar bakin titi kuwa ba sa barin ta kwana. Yana wucewa wani ya ɗaga murya ya ce Hedimasta ya karɓi ɗinkin uwargida, a kawo masa yadi. Da ya dawo da dariya ya ba ni labarin, amma na san irin dariyar. Washegari ya ɗora sarƙar a kan babban faranti da hannu, ya fita. Ko kwanar layinmu bai sha ba ya dawo yana tura keken, ƙafar hagun ta ƙi tayar da shi. Nan ya gane sai da faranti biyun duka, ƙarami na tashi da hawa da wurin yashi, babba na miƙaƙƙen titi. Ya sauko da ledar daga ƙusa.

Ya kai wa mai gyaran keke na bakin kasuwa, abokinsa ne tun na yarinta. Shi kuwa aikinsa guda ne a kan duk keke mai giya da aka kawo masa, ya kwance giyar, ya rage sarƙa, ya miƙa wa mai shi. Har daro yake da shi cike da giyoyin da ya cire. Ya juya ƙarfen Malam a hannu, ya tambaye shi ina tudun yake a Gaya da har ake neman giya. Ya ce ya zaɓi faranti ɗaya a wuce wurin, kuma a shekarunsu ƙaramin ya fi rufin asiri. Wannan kalma ta “a shekarunmu” ita ta ɓata komai. Malam ya karɓi ƙarfensa ya taho gida.

Ya same ni a rumfa, ya ajiye ledar a kan keken ɗinkina.

“Tela, ni zan ɗaura shi da kaina,” ya ce. “In ɗan ƙarfen nan ya gagare ni, to na yarda. Sai in koma tabarmata.”

Na san Malam, ba ya faɗin magana ya janye.

Ya kira mai keken a waya, shi kuma ya turo masa bayani a saƙon murya. Malam ya shige zaure ya kara wayar a kunne, ya saurara ya sake saurara. Can sai ga shi a ɗakin ajiyata, inda rabonsa da shiga tun ana gini. Ya kwance bakin buhun dawa, ya ɗebo a hannu, ya fito haske yana tsinta. Kaura ce, mai manyan ƙwayoyi, ya bi ya zaɓi wadda ta fi kowacce ƙiba. Na tambaye shi ko tuwo zai tuƙa mana. Ya ce aikin injiniya ne, ba zan gane ba.

Zaure ya zama gareji. Ya rataye keken da igiya a jikin azara yadda tayar baya za ta juya a sama. Da ya zo ɗaura ƙarfen, sai zoben ɗaurinsa ya yi wa bututun yawa. Ya nemo gwangwanin madara ya yanko siririn ƙarfe ya naɗa a ciki, dabara mai kyau, ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne da almakashina na yadi ya yanka. Duk telan da ke karanta wannan ya san abin da na ji. Na yi faɗa har kaji suka watse. Ya saurare ni tsaf, ya ce zai kai a wasa min, ya ci gaba da aikinsa.

Daga rumfata ina jin komai. Sai feda ta fara juyawa, sarƙa ta yi kar-kar-kar tana gogar ƙarfe, can sai ka ji ƙwal, ta tsallake farantin ta faɗo waje. Shiru ya biyo baya, sannan a sake. Akwai wasu ƙananan kusoshi biyu a saman ƙarfen, ya ɗaure wannan ya sassauta wancan, sarƙa ta daina faɗowa waje ta koma ƙin hawa gaba ɗaya. Ya mayar, ta sake tsallakewa. Hannayensa suka yi baƙi ƙirin da giris, sabulun wankina ya ƙare a kansu. In kai abinci zaure, in dawo in ɗauke shi yadda na kai.

A kwana na uku, ranar Litinin, Yaya ta kira wayata. Yaya ita ce babbar yayarsa da ke aure a Toranke, can ƙasar Ajingi. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau kallon yaro take masa. Kunnenta ya yi nauyi, layin garinsu kuma sai a hankali. Bayan gaisuwa ta tambayi jikin ƙaninta. Ni kuma da haushin almakashi a raina na ce jiki da sauƙi, sai dai yau kwana uku ke nan yana zaure, giya ta hana shi cin abinci.

Sai ta saki salati, mai tsawo. Kafin in gyara zance ta fara kuka, tana cewa duk zuri'arsu ba a taɓa yin mashayi ba, sai yanzu da furfura, kuma ni ina zaune ina kallo. Ina cewa ta keke ce, Yaya, giyar keke, tana cewa ko a keke ake kawo masa ai da sanina. Dole na ruga zaure na miƙa wa Malam wayar.

Ya daɗe yana bayani da ƙarfi, har maƙwabta sun ƙaru da ilimi. Da ta fahimta ba ta sauko ba. Ta ce ta sha ce ko ta ƙarfe, duk abin da zai hana marar lafiya cin tuwo ba alheri ba ne. Ranar Asabar za ta shigo mota ta zo, ta sa a fitar da keken daga gidan, shi kuma ya zauna ya yi jinya kamar kowa. Ina tsaye ina kallon fuskarsa lokacin da ta ce marar lafiya.

“Kada ki zo, Yaya,” ya ce. “Ni zan zo ranar Asabar. A kan keken zan zo.”

Ya miƙo min wayar, ya ce bakina ya ja mana. Na ce ai ba ni na raɗa wa ƙarfen suna ba. A raina kuwa lissafi nake yi, kwana biyar, ga hanyar Ajingi ba kusa ba, ga keke a rataye kamar naman layya.

Talata ta wuce a kar-kar da ƙwal. Ranar Laraba da hantsi sai na ji zauren ya yi tsit. Na jira, ban ji feda ba. Da na leƙo tsakar gida sai na gan shi a gindin darbejiya, ya shimfiɗa tabarmar nan, ya jingina da bishiya, hannun hagun yana rawa a kan gwiwarsa. Ko giris ɗin bai wanke ba. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun ranar asibiti. Na rasa abin yi, sai na ɗauko tiren shinkafa na zauna kusa da shi ina tsinta, alhali na riga na tsince ta.

Wayarsa tana kan tabarma. Ya danna saƙon nan, wannan karon bai kara a kunne ba, ina jin ya gaji da ɗaga hannu ne. Muryar mai keken ta fito.

“Malam, abu mai sauƙi na. Ka samu hatsi ƙwara guda, ka aza bisa haƙorin babban hwaranti, ka sauko da leɓen giya har shi taɓa shi, sa'annan ka ɗamre. Hatsi guda, ba ƙari.”

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Harshen kakata na ji, wadda ta haifi mahaifiyata. 'Yar Nijar ce ita ma, daga wajen Damagaram, aure ya kawo ta Kademi tun tana yarinya, amma har ta rasu bakinta bai zama na Kano ba. Ina 'yar shekara bakwai ta taɓa aike ni in ɗebo mata hatsi a rumbu, na cika ƙwarya da dawa na kawo. Ta kai min ranƙwashi a tsakar ka, ta ce hatsi ta ce, ba dawa ba. A wurinsu hatsi gero ne kawai. Mu a nan kuwa gero hatsi ne, dawa ma hatsi ce. Ƙwayar kaurar da Malam ya zaɓa ta yi biyun ƙwayar gero har da ɗoriya, ga rawar hannu tana ƙara ɗaga ƙarfen sama kafin ya ɗaure. Leɓen ya yi nisa da haƙora, shi ya sa sarƙa take samun hanyar tsallakewa.

Gane abin bai ba ni wuya ba, faɗar ce aiki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan jar biro a littafin mutane ba a ce masa ka yi kuskure kai tsaye, balle a ranar da ya koma tabarma. Sai na fara ba shi labarin kakata da ranƙwashinta, kamar hira ce ta zo. Ya dube ni a gajiye, ya tambaya me ya kawo zancen kakata yanzu. Na tashi na shiga ɗakin ajiya, na ɗebo gero a murfin kwano, na ɗora ƙwayar kaura guda a tsakiya, na ajiye a gabansa. Na koma kan shinkafata.

Ya daɗe yana kallon murfin. Ya sake danna saƙon, ya saurara har ƙarshe. Sai ya gyara zama, ya ce ai laifin mai keken ne. A daidaitacciyar Hausa hatsi suna ne da ya tattara gero da dawa da maiwa, duk mai ba da umarni kuma wajibi ne ya fayyace wanda yake nufi. Ya ɗaga yatsa yana yi, kamar yana gaban allo. Na ce gaskiya ne, Malam. Daɗi ya cika ni har na kasa ɗaga kai, domin rabon da in ji yana gyara wa wani Hausa an fi shekara. Yana cikin bayanin dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari. Ya ɗauki murfin ya nufi zaure.

Ban bi shi ba, na dai sami abin yi a kusa da ƙofar zauren. Ya sassauta zoben, ya ɗauki ƙwayar gero da hannun dama ya ɗora a kan haƙori. To sai an riƙe ƙarfen da hannu ɗaya a ɗaure da ɗayan. Da ya kama shi da hagu, hannun ya girgiza, ƙwayar ta faɗi. Ya ɗora wata, ta faɗi. Ya sauya hannu, ya riƙe ƙarfen da dama, sai hagun ya kasa saka makullin ɗaurewa a ramin kusar zoben. Kajina suka ji labari, suka shigo zaure suka kewaye shi, duk ƙwayar da ta faɗo kafin ta taɓa ƙasa an yi rabonta. Wata jar kaza har tsalle take yi. Abin dariya ne, amma ban yi ba. Ina kallon bayansa, ina ganin yadda kafaɗarsa take sauka.

Ya tsaya. Bai juyo ba, ya san ina wurin.

“Tela,” ya ce a hankali, “zo ki riƙe min.”

Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa ce min haka ba, ko a kan kofin shayi. Na goge hannuna a zani, na kori kajin, na durƙusa kusa da keken.

Aikin bai fi ƙarfin mai ɗinki ba. Na ɗora ƙwayar a kan haƙorin da ya fi tsawo, na sauko da ƙarfen sannu sannu har leɓen waje ya taɓa ta. Malam ya ce saura abu guda, dole leɓen ya miƙe daidai da farantin, kada gabansa ko bayansa ya karkace. Na leƙa ta sama na rufe ido ɗaya, yadda nake daidaita ƙafar keken ɗinki da bakin yadi. Na ce ya ɗaure. Yana ɗaurewa ƙarfen ya ɗan murɗa, bayansa ya shige ciki. Na ce ya kwance. Ya ce ai ya yi, na ce bai yi ba, in ɗinki ne wannan sai an farke. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kwance. A karo na uku na riƙe shi gam, na ɗan karkata shi waje don in ba murɗawar hanya, ya ɗaure, ya zauna cif. Na hure ƙwayar ta faɗi, jar kazar da ta dawo ta samu.

Ya ja wayar giyar ya ɗaure ta. Sannan muka koma kan ƙananan kusoshin nan biyu da ya yi kwana huɗu yana wahalarwa. Ashe ɗaya tana hana sarƙa faɗawa ciki, ɗayar tana hana ta faɗowa waje. Shi yana juya feda da dama, ni ina riƙe da sukudireba, kunnena a kusa da sarƙa. In na ji tana goga sai in murɗa kaɗan, kwatankwacin yadda nake yi wa zaren ƙasa idan ɗinki yana tattarewa. Muka yi ta yi har gogar ta ɗauke. Malam ya yi bisimilla ya taɓa hannun giya. Sarƙar ta yi ƙas, ta hau babban faranti ta zauna. Ya mayar, ta sauko kan ƙarami. Ba kar-kar, ba ƙwal, sai sautin taya tana juyawa.

Ya hau da ita ya sauko ya fi sau ashirin, yana murmushi shi kaɗai. Da aka kira azahar ya wanke hannu ya tafi masallaci, ya dawo ya cinye tuwon jiya da na ɗumama, ya tambaya ko akwai ƙari.

Alhamis da Juma'a ya yi su a kan titi. Ya tashi a ƙaramin faranti, yana hawa kwalta ya mayar babba, ya wuce majalisa ko waige bai yi ba. An ce wanda ya yi maganar yadi ya miƙe tsaye yana bin sa da kallo. Ya tsaya wajen mai gyaran keke don a ƙara masa iska, ba don taya ta sace ba. Abokin nasa ya durƙusa ya duba aikin, ya tambayi wanda ya ɗaura. Malam ya ce shi da wani injiniya ne, kuma injiniyan ba ya fita aikin waje.

Ranar Asabar gari yana wayewa ya shirya. Na cusa masa dabino da maganinsa a aljihu, na cika gorar ruwa. Na ce in ya gaji ya tsaya, in ƙafa ta ƙi ya kira ni a turo mota, babu abin kunya. Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na raka shi har bakin zaure, na tsaya daga ciki ina sauraro. Na ji tashinsa, na ji shiru, can daga kwanar layi na ji ƙas.

Ranar ban yi aikin kirki ba. Na ɗinka hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinka shi a juye. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa tana tsaye, na san hanyar cike take da amalanke da masu babur. Duk motar da ta wuce sai in ce ita ce ta kawo labari. Na share tsakar gida sau biyu. A shara ta biyu na naɗe tabarmar gindin darbejiya na jingine ta a bayan ƙofar ɗakin ajiya.

Da hantsi ya ɗaga waya ta yi ƙara, Yaya ce. Ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

“Ya iso,” ta ce. “Da ƙafarsa ya shigo min, yana tura abin nan. Ga shi can ya sha fura, ya tara min mutanen gida yana koya musu bambancin hatsi da gero.”

Sai muka yi ta yi wa juna barka kamar an yi haihuwa. Kafin ta ajiye ta ce in yafe mata maganar rannan. Na ce ba komai, ai giya ce, ba ta bar kowa daidai ba.

Bayan la'asar na ji ana jingine keke a zaure. Ya shigo yana ɗan jan ƙafa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi baƙi da rana. A hannunsa akwai zangarniyar gero guda ɗaya, sabon yanka daga gonar su Yaya, a jikin keken ya ɗauro ta da tsumma tun da babu kariya. Ya ajiye ta a kan keken ɗinkina, ya ce in adana mana, ma'aunin gidan nan ne. Ya daɗa da cewa gidajen maɓallin nan da na faɗaɗa sun yi daidai, ya daɗe yana so ya faɗa.

Na kawo masa ruwa ya shanye a tsaye. Ya dubi gindin darbejiya, ya ga wurin fayau. Na ce bari in ɗauko masa tabarmar ya miƙe ƙafa.

“Bar ta a naɗe,” ya ce. “Ba ni kujera. Jibi Kademi zan je, in gai da dangin kakarki.”